Furen da muka yi takaba tare

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina so in rubuta wannan labarin amma duk sanda na ɗauki waya sai in ji ƙirjina ya yi nauyi in ajiye, yau dai nace bari in daure ko Allah zai sa wata ta amfana, musamman wacce take jinyar miji yanzu haka ko wacce take cikin takaba tana ganin kamar gari ba zai waye ba. Labarin fure ne, furen wardi wanda muke ce wa fulawa, nasan wasu za su ce ina ruwan mai takaba da fulawa, nima da haka zan ce.

Ni 'yar cikin birnin Kano ce, gidanmu ba a san wani shuka fure ba, darbejiya ce guda ɗaya a ƙofar gida sai zogalen da Inna ta kafa a bayan ɗaki, fulawa kam a ganinmu ta 'yan Nasarawa ce masu maigadi da mai ban ruwa. Na yi aure a 2009, a 2012 Abban yarana ya samu tafiya ƙaro karatu Ingila, garin Wolverhampton, muka tafi da 'yarmu ta fari tana da shekara biyu. Shekarar farko wallahi kuka na sha, sanyi da duhu da rashin wanda zai yi maka sallama, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu a Disamba. Da ya ga abin ya yi min yawa sai ya fara fita da mu duk Asabar ko ina ne, to a haka ne a watan Yunin 2013 muka hau jirgin ƙasa na 'yan mintoci zuwa wani ƙauye Albrighton a yankin Shropshire, wai akwai lambun wani tsoho mai suna David Austin da ake shiga kallo.

Ban taɓa manta shigarmu wajen nan ba. Ƙamshi ne ya fara tarar mu tun kafin mu ga komai, irin ƙamshin da za ki rantse an fasa kwalbar turare ne amma babu hawa kai, sanyi gare shi. Furannin kuma ba irin wardin da na sani a hoto ba mai tsini a tsakiya, waɗannan buɗaɗɗu ne kamar kofi, an cusa musu ganyen fure fal a ciki ninki kan ninki har nauyi yana sa su sunkuyar da kai. Daga baya Abbansu yake ba ni labari shi tsohon manomi ne, ya ɗauki tsofaffin wardi na da masu ƙamshi waɗanda sau ɗaya suke fure a shekara ya haɗa su da na zamani masu maimaita fure, na farkonsa ya fito a 1961, ya buɗe kamfaninsa a 1969, kuma ya fitar da iri sama da 200 kafin ya rasu a Disambar 2018 yana da shekara 92. Su ne ake ce wa wardin Ingila.

Abbansu mutum ne mara magana, ba ya nuna abu ya burge shi, amma ranar na ga ya durƙusa a kan tsakuwa da wandonsa mai kyau ya tallafo wani fure da hannu biyu kamar kan jariri ya sa hanci ya rufe ido. Launinsa tsakanin ruwan goro da ruwan hoda, ƙamshinsa kamar na 'ya'yan itace nunannu, a jikin allon an rubuta Abraham Darby 1985. Ya ɗago yace min Maman yara, in Allah ya mai da mu gida sai na shuka wannan a tsakar gidanmu. Na yi dariya nace a Kano? Yace a Kano.

Ya cika maganarsa. Da za mu dawo a Disambar 2016 ya yi ta zirga-zirgar takardun shigo da tsiro har ya samu, ya zo da guda shida, ba ƙasa ba ganye, saiwa ce tsirara da 'yan sanduna kamar kirare an naɗe da jiƙaƙƙiyar jarida, dama a can lokacin sanyi ake sayar da su a haka suna barci. Abraham Darby biyu, Graham Thomas mai ruwan ɗorawa biyu, Gertrude Jekyll ɗaya, sai wani ja mai duhu kamar zoɓo Munstead Wood. Ya zo da littafinsa na kula da wardi, littafin yace a sa su inda rana take dukan su sosai, shi kuwa ya fasa siminti a tsakiyar tsakar gida inda babu inuwar komai daga safe har magariba ya dasa su a jere.

Da yake hunturu ne sai suka yaudare mu. Janairu suka fitar da jajayen tsiro, ƙarshen Fabrairu sai ga fure, ranar kamar an yi masa albishir da kujerar Makka, har Hajiyarsa ya ɗauko a mota ta zo ta gani. Sai Afrilu ya shigo. Kun dai san Afrilun Kano, zafi ya haura 40, siminti yana mayar da wuta, iska kamar daga bakin murhu. Jan nan shi ya fara tafiya, furen zai buɗe da safe kafin azahar gefensa ya ƙone ya yi ƙamas kamar soyayyiyar albasa, saboda duhun launi yana jan zafi. Mai ruwan ɗorawa kuma sai ya koɗe ya koma fari-fari cikin yini ɗaya ya zube. Abin da bai gane ba a lokacin, ni ma sai daga baya na gane, ranar da littafin yake magana ranar Ingila ce wadda da kyar zafinta yake wuce 25 a tsakiyar lokacin zafinsu, ba tamu ba. Yana ganin suna yaushi sai ya ƙara taki, takin ya ƙara ƙona su, gara kuma ta samu raunana ta shiga ta ƙasa. Kafin shekara biyu saura biyu, Graham Thomas ɗaya a ƙasa wanda ya daina fure ya koma miƙa dogayen rassa kamar bulala, sai Abraham Darby ɗaya da ya ga kamar mutuwa zai yi ya tono shi ya sa a tsohon bokitin fenti ya tura shi bayan kicin kusa da inda muke alwala.

A 2019 ƙafafunsa suka fara kumbura. Dama yana da hawan jini amma irin mazan nan ne da sai ciwon kai ya matsa ake shan magani, in ya lafa a ajiye. Dan Allah duk wacce mijinta yake da hawan jini ko ciwon suga ki zama ke ce mai naci, ya ji haushinki gara haka, ku riƙa awo kuna duba ƙoda, ita ba ta yin ƙara sai ta gama lalacewa. Ranar da likita yace ƙodojin duka biyun sun gaza sai wankin ƙoda, ina riƙe da auta a cinya ko shekara biyu bai cika ba. Likita sau uku yake so a sati, mu sau biyu muke iyawa, wani satin sau ɗaya. Mota ta tafi, gwal ɗina ya tafi, filin da ya saya wa yara ya tafi, sai bashi. Awa huɗu yake yi a jikin injin nan, ya fito jiri na ɗibarsa in riƙo shi mu nemi adaidaita.

Abin da ya fi ci min rai a jinyar nan ruwa ne. Mai wankin ƙoda ba a barin shi ya sha ruwa yadda yake so saboda jikin ba ya fitarwa, taruwa yake yi har ya hau ƙirji, 'yar roba ɗaya aka auna masa ita ce ta yini guda, a zafin Kano. Leɓensa ya bushe ya tsage, sai dai in ba shi ƙanƙara ƙarama ya tsotsa. Da yamma sai yace in fitar masa da kujera bayan kicin, ya zauna gaban bokitin nan, yace Maman yara ɗebo ruwa a buta, in ɗebo, yace zuba mata a hankali ina kallo, tunda ni an hana ni ita ta sha. Ya zuba ido yana kallon yadda ƙasa take shanye ruwan har maƙogwaronsa yana motsi. Ni kuwa a lokacin gaskiya haushi nake ji, ina ganin ga abin da ya dame mu shi yana ta itace, akwai ranar da na faɗa masa magana mara daɗi a kan haka, bai ce komai ba, har yau in na tuna sai na nema masa gafara na nema wa kaina.

Ya rasu farkon Sha'aban, tsakiyar Maris 2021, da asuba, kansa a kan hannuna. Allah ya jiƙansa ya sa jinyar ta zama kaffara.

Ranar da za a kafa rumfar zaman makoki wani ya sa adda ya sare wanda yake tsakar gida saboda ƙaya tana kama rigunan mutane, ina gani ta taga ban ce uffan ba, a raina ma cewa na yi gara haka. Aka yi uku aka yi bakwai mutane suka watse, gida ya yi tsit. Inna ta tare a wajena. Ba na ci ba na barci, in zauna a gefen gado tun safe sai in ji ana kiran la'asar ban san me na yi tunani ba, yara su yi min magana in kalle su kamar daga nesa nake jin su. Mutane suna zuwa suna cewa ki yi haƙuri ki dage ki zama jaruma saboda yaranki, nasan alheri suke nufi amma duk wanda ya faɗa sai in ji ya ƙara ɗora min dutse, don ni ko tashi in wanke fuska aiki ne.

Azumi ya kama a tsakiyar Afrilu, tsakiyar wuta. Wata asuba bayan sahur na zaga bayan kicin alwala, sai na ga bokitin. Sama da wata guda ba wanda ya kula shi, ganye uku ne suka rage a jiki su ma gefensu ya ƙone. Ban san me ya sa ba na sa farce na kankare jikin sandar kaɗan, sai na ga kore shar a ciki, da danshi. Ashe fantsalin ruwan alwalarmu da ke sauka a ciki shi ya riƙe shi, ga kuma katangar kicin da take tare masa rana, hantsi kawai yake samu zuwa wajen sha ɗaya sai inuwa ta rufe shi. Wanda aka jefar a lungu shi ya rayu, waɗanda aka sa a fili ana ji da su duk sun tafi. Na tsuguna a wajen na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar, har Inna ta fito ta same ni, ba ta ce min in yi shiru ba, ta dai ɗauki butar ta miƙo min tace ungo ba shi.

Daga ranar na samu abin da zai tashe ni daga gado. Amma da yake ban san komai ba sai na fara da ɓarna, na samo ragowar takin zamani a leda na watsa masa cikin hannu guda wai ya yi ƙarfi, kwana uku ganye biyu suka zube. Na ga gara tana gini a gindin bokitin na zuba toka mai yawa, sabon ganyen da ya fito sai ya fito rawaya jijiyoyinsa kawai ne kore, ashe wardi ƙasa mai ɗan tsami-tsami yake so, toka kuwa kashe tsamin take yi sai saiwa ta kasa jan sinadarin ƙarfe, ga ruwan bohol ɗin unguwarmu dama mai zartsi ne. Da na ga zan kashe shi da hannuna sai na ɗauko wayar Abbansu wadda na kasa taɓawa tun rasuwar, na tuna akwai wani dattijo mai lambun fulawa a Jos da suke yawan magana. Na tura masa saƙon murya a WhatsApp ina rawar murya na faɗa masa rasuwar na tura hoton itacen.

Bawan Allahn nan ya yi ta'aziyya mai tsawo, sannan yace 'yata, ki saurare ni da kyau. Mu nan Jos muna kan tudu kusan mita 1,200 shi ya sa wardi yake mana sauƙi, ke a Kano kike, kalandarki daban. A wajenku bazara ita ce lokacin barcinsa, kar ki ba shi taki ko ƙwaya ɗaya, kar ki yanke shi, ruwa da inuwa kawai, kuma in ya fitar da kan fure ki tsinke. Nace Baba in tsinke? Yace ki tsinke, a bazara ba a neman fure a wajensa, rai ake nema, in ya kai damina da ransa ya gama miki komai.

Sati biyu bayan nan ya fitar da kai guda ɗaya ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gyaɗa, na yi kwana biyu ina zagaya shi na kasa, furen da mijina ya so, na farko bayan tafiyarsa. A na uku na rufe ido na sa farce na tsinke. Kuma wallahi maganar dattijon nan ni ta yi wa aiki fiye da itacen, don ita ce magana ta farko da wani ya faɗa da ta sauke min nauyi. Na daina tilasta wa kaina zama jaruma, nace ni ma a wannan watannin in na ci loma uku na yi sallah a kan lokaci na rungumi yarana to ya isa, sauran sai damina. Na kuma yarda ƙanwata ta kira min wata likita har gida muka yi magana a kan rashin barcin, wannan ma kar wacce ta ji kunyarsa.

Dabarar tukunya kuwa Inna ce ta kawo. Ta taɓa jikin bokitin da rana tace wannan ai dafa masa saiwa yake yi, roba ba ta numfashi. Ta sa aka ɗauko wata tsohuwar randa da ta tsage a gindi, muka samo tukunyar ƙasa madaidaiciya muka huda ta, muka juye shi a ciki da magariba ba tare da mun fasa ƙasar saiwar ba, muka cika da ƙasar lambu da ruɓaɓɓen kashin shanu wanda ya shekara ya koma baƙi ba wari, sannan muka zura tukunyar a cikin randar muka cika tsakaninsu da yashi muna jiƙa shi safe da yamma. Irin dabarar nan ce ta tukunya cikin tukunya da malamin nan na Jigawa Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyuka don adana tumatir da alayyahu har ya samu kyautar Rolex a 2000, ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana bushewa yana tafiya da zafin. In kika sa hannu a ƙasar da tsakar rana sai ki ji ta da sanyi kamar ruwan randa. Muka ɗora komai a kan bulo biyu saboda gara, saman ƙasar muka rufe da ɓuntun shinkafa kaurin yatsa uku ba tare da ya taɓa jikin itacen ba, ta yamma kuma muka rataya tsohon asabari.

Ruwa ya so ya jawo magana. Lokacin a wajen 'yan garuwa muke saya, wata daga dangin mijina ta zo ta ga ina ba itace ruwa tace marayu na buƙatar kuɗi ana shayar da ƙaya. Ta ban haushi amma da gaskiyarta ta wani ɓangaren, sai na sa doka a gidan kowa a cikin baho zai yi alwala, ni da Inna da yara, ruwan wankin shinkafa ma a tara, banda mai sabulu ko omo. Shi nake zuba masa da asuba a gindi a hankali har sai ya ɗiga ta ƙasa, sau ɗaya mai yawa ya fi yayyafi sau biyar. A Mayu wasu ƙwari suka zo, ba a ganin su sosai, ganye ne zai yi kamar an barbaɗa masa ƙura ya yi ɗigo-ɗigo, in kika juya bayansa sai ki ga 'yar saƙa kamar ta gizo-gizo da jajayen abubuwa kamar garin barkono suna motsi, bushewar iska suke so. Baba yace ba sai na sayi magani ba, in huda murfin gora in riƙa fesa wa bayan ganyen ruwa da ƙarfi duk bayan kwana biyu da sassafe. Ganye ɗaya-ɗaya nake bi ina juyawa ina wankewa, sai in ga awa ta wuce ban yi tunanin asibiti ba.

Da ruwan sama ya sauka a Yuni na tara a duk robar da ke gidan, cikin sati biyu itacen ya canza, wani jan tsiro mai kauri ya ɓullo daga can gindi yana tsawo kamar ana jan shi. Baba yace yanzu ki bar masa kai ɗaya. Ya buɗe a farkon Yuli ina da saura sati biyu da 'yan kwanaki in fita. Ƙarami ne, launin ya koɗe, ninkin bai kai rabin na Albrighton ba, amma da na sunkuya da asuba ƙamshin nan ne sak, sai ga ni a kan tsakuwar nan ina kallon mutum durƙushe da wandonsa mai kyau. Na ja da baya da sauri don na tuna mai takaba ba ta sa turare, hankalina ya tashi na kira malamarmu ta Islamiyya, tace Maman yara abin da aka hana ki shi ne shafawa a jiki ko tufafi, ba a hana ki shaƙar abin da Allah ya tsirar ba. Na koma na zauna a kujerarsa har rana ta fito.

Na fita takaba washegarin babbar sallah. Bayan nan aka zauna maganar gado, bashin jinya ya fi ƙarfin abin da ya bari, dole aka sa gidan a kasuwa. Ba zan shiga wannan ba, kowa ya yi abin da ya ga shi ne daidai, na yafe. A Oktoba muka kwashe zuwa ɗaki biyu na haya, masu ɗaukar kaya suka ce randar nan ba za ta kai ba a bar ta, nace to ni ma a bar ni. A bayan a-kori-kura na zauna na rungume ta tun daga tsohon gida har sabo, ƙaya tana karce min hannu ta cikin hijabi, duk ramin da muka faɗa sai na ji kamar a cikina. Abu na farko da na duba a sabon gidan kafin ma ɗaki shi ne ina gabas take, wace katanga ce za ta ba da inuwar yamma.

A ƙarshen watan, damina ta ɗauke, Baba yace yanzu ne lokacin aski. Na rage kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa da almakashi mai kaifi, na cire matattun rassa da ganyen da damina ta sa wa baƙin ɗigo na ƙona su, na ba shi taki karo na farko da sanin Baba. Kwana arba'in da 'yan kai, tsakiyar Disamba, hazo ya rufe gari ana ta jin sanyi, ya buɗe fure bakwai a tare, manya, cike, launin ya dawo har da ruwan goron nan a tsakiya, suna sunkuyar da kai saboda nauyi. 'Yata ta fari ta tsaya ta kalla tace Umma irin na hoton Abba ne. Hunturu shi ne lokacinsa a ƙasarmu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da 'yan uwansa na Ingila suke tsaye tsirara cikin sanyi.

Tsoron da ya rage min shi ne guda ɗaya ne tak, in ya mutu shi ke nan. Sai Baba ya aiko min da sandunan wardin gida ta tashar mota, irin mai taurin rai ɗin nan da ba ya wani furen kirki amma saiwarsa ta san ƙasarmu, na kafa su suka kama, ya koya min yi musu aure kamar yadda ake yi wa mangwaro. Da reza sabuwa ake tsaga fatar na gidan a tsaye sannan a gicciye a sama, a ɗaga fatar a hankali, a yanko ido ɗaya, wato ɗan kumburin da sabon tsiro yake fitowa, daga reshen da ya gama fure a zare itacen bayansa, a zura shi a ciki a ɗaure da zaren leda a bar idon a waje. Bayan sati uku in idon yana nan kore ya kama, sai a sare kan na gidan daga sama. Goma na yi a karon farko biyu suka kama, hannuna rawa yake yi ina taɓa cikin idon da yatsa. Na biyu shida suka kama.

Yanzu shekara huɗu da wani abu, na koma koyarwa a wata firamare, bashin saura kaɗan. Ina da tukwane goma sha tara a jikin katangar gabas, har mai gidan ya ba ni ƙarin waje, mata suna zuwa saye kuma duk wacce ta zo sai na tambaye ta ina za ta ajiye, in tace tsakiyar tsakar gida kan siminti sai in ce ta je ta samo inuwar yamma tukuna, wasu suna jin haushi amma ba zan ba da shi a kai shi inda zai ƙone ba. Jajaye masu duhu na daina wahalar da kaina da su, masu ruwan goro da ruwan hoda sun fi jure mana. Har yanzu duk Afrilu ina bi ina tsinke kawunan fure, kuma har yanzu duk Sha'aban jikina yana sanin watan ya kama tun kafin in duba kalanda, in ya zo ina rage wa kaina komai.

Uwar tana nan a randarta, gindinta ya yi kauri ya yi ɓawo, furenta ya ragu, bara na ɗauka tafiya za ta yi sai ta sake fitar da tsiro ɗaya daga ƙasa. 'Yata ce take yi wa itatuwan auren yanzu, hannunta ya fi nawa nutsuwa irin na Abbanta ne. Sati uku da suka wuce ta ɗauki ido huɗu daga jikin uwar, yau da safe kafin ta tafi makaranta muka kwance ledar tare, ɗaya ya yi baƙi, uku kore. Auta da ko muryar Abbansa ba ya iya tunawa sosai shi ya riƙe butar, nace masa a hankali, a gindi, har sai ya ɗiga ta ƙasa.